Iyafis marar igiya mai jure ruwa da kashe hayaniya: abin da na gani bayan damina ɗaya da hunturu ɗaya a Abuja

A Kubwa nake zaune, a Garki nake aiki, kuma duk wanda yake bin babbar hanyar da ta haɗa wuraren nan biyu da sassafe ya san cewa tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba idan hanya a sake take, tana iya cinye kusan sa'a biyu idan cunkoso ya kama. A cikin wannan lokacin nake sauraren labaran safe da karatun da ba na samun sukunin saurara a gida, saboda haka iyafis a wurina ba kayan ado ba ne, kayan aiki ne da nake dogaro da shi kullum. Wanda na fara amfani da shi na saye shi ne a wani ɗan shago na gefen hanya, kwalinsa ɗauke da hoton ɗigon ruwa da rubutun da ke nuna cewa ruwa ba ya yi masa komai, amma bai kai wata huɗu ba na kunnen hagu ya daina kamawa, bayan wasu 'yan makonni da na yi ina tattaki da shi a gefen tafkin Jabi a cikin zafin watan Maris. Ruwan sama bai taɓa shi ba ko sau ɗaya, gumi ne kawai ya kashe shi. Wannan asarar ce ta sa na zauna na karanta ma'anar lambobin da ake bugawa a jikin kwali, na kuma je Banex Plaza da ke Wuse 2 har sau uku ina gwadawa ina tambaya, kafin na sayi Samsung Galaxy Buds2 Pro, wanda yanzu ya yi damina ɗaya da hunturu ɗaya a kunnena.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya sani shi ne, kalmar jure ruwa da ɗan kasuwa yake faɗa da baki ba ta da wani nauyi, lambar da ke biye da haruffan IP ita ce ke magana. Wannan ma'auni ne na ƙasa da ƙasa mai suna IEC 60529, kuma gurbi biyu gare shi. Gurbin farko na ƙura ne, na biyu na ruwa, kuma idan aka ga harafin X a ɗaya daga cikinsu, ma'anarsa ita ce ba a bayar da wata shaida a kan wannan ɓangaren ba. IPX4 yana nufin na'urar tana jure fantsamar ruwa daga kowace kusurwa, wato yayyafi da gumi. IPX5 yana nufin ta jure feshin ruwa mai ɗan ƙarfi daga bututu. IPX7 kuwa yana nufin an nutsar da ita cikin ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30 ta fito lafiya, yayin da lamba 8 take nuna abin da ya wuce haka bisa sharaɗin da kamfanin ya bayyana. A gurbin ƙura, 5 tana nufin ƙura ba za ta shiga da yawan da zai yi ɓarna ba, 6 kuma tana nufin ba ta shiga ko kaɗan. Akwai wani abu da mutane da yawa ba sa lura da shi: gwajin nutsarwa daban yake da gwajin feshi, don haka na'urar da ta ci IPX7 ba lallai ne a ce an gwada ta a ƙarƙashin famfo mai ƙarfi ba, kuma duk waɗannan gwaje-gwaje da ruwa mai tsabta ake yin su, ba da ruwan sabulu ko ruwan gishiri ko na wurin ninƙaya ba.

Da na riƙe wannan a kaina sai kasuwar ta fara bayyana mini. Sony WF-1000XM5 da ya fito a 2023, wanda a kunnena ya fi kowanne kashe hayaniya cikin waɗanda na gwada, IPX4 ne kawai. Soundcore Liberty 4 NC na kamfanin Anker shi ma IPX4 ne. AirPods Pro na biyu ya fito a 2022 da IPX4, sannan samfurin 2023 mai kafar caji ta USB-C ya zo da IP54. Oraimo FreePods 4, wanda ya fi sauƙin kuɗi sosai kuma ana samunsa a kusan kowane shago, IPX5 ne kuma yana kashe hayaniya daidai gwargwado. Jabra Elite 8 Active yana da IP68, wato ya fi su duka a kan takarda, sai dai kamfanin ya sanar a 2024 cewa zai daina fitar da wannan jeri na kayan, abin da ya sa na ji tsoron wahalar samun canji ko gyara nan gaba. Galaxy Buds2 Pro kuwa IPX7 ne, ya fito a watan Agusta na 2022 a kan kimanin dala 230, kuma da yake an riga an fitar da Buds3 Pro a 2024, farashinsa ya sauko zuwa inda aljihuna zai iya kaiwa. Wayata ma Samsung ce, kuma wannan ya yi tasiri a zaɓin, kamar yadda zan bayyana.

Ta fuskar ruwa, ya cika alkawarinsa. A watan Agusta ruwa ya tare ni tsakanin inda mota ta sauke ni da ƙofar ofis, irin ruwan nan na Abuja da ke saukowa da iska ba tare da ya ba mutum damar neman mafaka ba, na isa jiƙe sharkaf har cikin takalmi, amma karatun da nake saurara bai yanke ba. Tattakin safe ma na ci gaba da yi da shi, gumi yana bin bayan kunne yana sauka a kansa, kuma har yau bai canza sauti ba. Sai dai akwai iyaka da kamfanin da kansa ya bayyana, kuma ya kamata a ɗauke ta da muhimmanci: ɗan akwatin cajin ba ya jure ruwa ko kaɗan. A nan ne maganar alwala ta shigo, domin ita ce hanyar da ruwa ya fi samun iyafis a rayuwar yawancinmu, sau biyar a rana. Mutum zai cire shi ya ajiye, ya yi alwala ya shafi kunnuwansa, sannan bayan salla ya ɗauko shi da hannu mai laima ya mayar a kunne mai laima, ko kuma ya jefa shi cikin akwatinsa ya rufe. Iyafis ɗin zai jure, amma ƙananan ƙarafan da yake caji ta cikinsu suna haɗuwa da na cikin akwati da danshi a tsakaninsu, kuma a hankali tsatsa take kama su har wata rana ɗaya ya ƙi caji. Na saba wa kaina ajiye ɗan ƙyalle mai laushi a aljihun gaba, ina goge shi kafin ya koma gidansa, kuma idan ruwan sama ya dake shi sai na bar shi a sarari ya sha iska kafin na rufe shi.

Wani abokin aikina ya tambaye ni ko zai iya shiga wurin ninƙaya da irinsa, tunda an ce yana jure nutsewa. Amsar ita ce a'a, saboda dalili biyu. Kamfanin bai yarda a yi haka ba, sannan ko da na'urar ta tsira, Bluetooth yana aiki ne a kan zangon gigahaz 2.4, wanda ruwa yake shanyewa, ta yadda da zarar kai ya nutse sauti zai yanke. Amfanin lamba 7 shi ne idan ya faɗa cikin buta ko bokiti ko kwatami mai ruwa, a ciro shi da sauran rai. Haka kuma juriyar ba ta dawwama, domin robobin da suka toshe kafofinsa suna tsufa, faɗuwa ƙasa tana sassauta su, kuma kamfanoni da dama ba sa ɗaukar nauyin ɓarnar ruwa a cikin garantinsu. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma wanda ya sayi na'ura mai makirufo da lasifika ya san cewa tana da kafofi.

Abin da ban yi la'akari da shi sosai ba lokacin saye shi ne harafin X, kuma hunturu ne ya tuna mini da shi. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar Abuja tana da laushi kamar gari, tana shiga ko'ina, kuma na lura tana taruwa a 'yar ragar da ke rufe makirufo na waje da kuma cikin lungunan akwatin. Bai lalace ba, amma sai da na riƙa share shi da busasshen burushi mai laushi duk mako. Da yau zan sake saye, kuma da kuɗin ya isa, zan fi karkata ga wanda yake da lamba a gurbi biyun, kamar Buds3 Pro mai IP57, domin a garin nan watannin ƙura ba su da sauƙi a kan na'ura, kuma wanda yake aiki a wurin gini a Lugbe ko Gwarinpa, ko yake hawa babur a hanyoyin da ba su da kwalta a bayan gari, ƙura ce babbar abokiyar gabarsa, ba ruwa ba.

Maganar kashe hayaniya ita ce inda aka fi ruɗa masu saye, kuma a nan nake so na daɗe. Taƙaitattun sunaye biyu ne suke yawo a jikin kwalaye, ANC da ENC, sun yi kama a ido amma aikinsu ya sha bamban. ENC yana tace muryarka ne domin wanda kake magana da shi a waya ya ji ka sosai, ba ya rage maka komai daga hayaniyar da ke kewaye da kai. ANC shi ne wanda yake rage abin da kai kake ji. A shago na biyu da na shiga, wani matashi mai ladabi ya miƙo mini wani samfuri mai araha yana cewa, “Alhaji, wannan ma yana kashe ƙara, ga shi nan an rubuta.” Na duba na ga ENC ne, na ce masa, “Malam, wannan na mai kirana ne, ni nawa kunnen nake nema wa sauƙi.” Ya yi shiru ya sake karantawa, sannan ya ce wallahi shi ma a yadda aka gaya masa yake faɗa. Na yarda da shi, domin ban ga alamar yaudara a tare da shi ba, sai dai mai saye ne zai tafi gida da abin da ba shi yake nema ba.

Yadda ANC yake aiki shi ne ke bayyana abin da zai iya da abin da ba zai iya ba. Sauti kaɗawar iska ce. Ƙananan makirufo da ke jikin iyafis suna ɗaukar ƙarar waje, sai na'urar ta ƙirƙiro wata kaɗawa mai kishiyantar ta farko ta saka a kunne, inda ta farko ta tura iska ita ta janye, inda ta janye ita ta tura, sai su soke juna. Wannan dabara ta fi dacewa da ƙara mai kauri wadda ba ta canzawa, shi ya sa matuƙa jiragen sama suna cikin waɗanda suka fara cin moriyarta, tun lokacin da kamfanin Bose ya fitar musu da nasa a 1989. A rayuwarmu ta nan, irin wannan ƙarar ita ce ta janareta, da ta injin mota, da ta na'urar sanyaya ɗaki, da ta fanka. Ranar da na fara kunna shi a ofis an ɗauke wuta, babban janaretan da ke bayan tagarmu yana ruri kamar yadda ya saba, sai na ji kamar an ɗauke shi an kai shi ƙarshen unguwa, kuma a lokacin ne na gane irin gajiyar da wannan ruri yake tara mini tsawon shekaru ba tare da na sani ba. Haka na ji a jirgin ƙasa daga tashar Kubwa zuwa Rigasa da ke Kaduna, inda gurnanin ƙarfe ya koma can ƙasa, na saurari darasi guda cikakke ba tare da na ƙara murya ba.

Ƙara mai kaifi da mai zuwa ba zato kuwa tana ratsowa. Hon ɗin mota, kiran kwandasta a mahaɗar Berger, kukan yaro, hirar abokan aiki a tebur na kusa, duk suna raguwa amma ba sa ɓacewa, kuma wanda ya saya da fatan zai daina jin mutane gaba ɗaya zai ga kamar an cuce shi alhali haka fasahar take. Iska mai ƙarfi ma tana damunsa, domin idan gilashin mota a buɗe yake tana bugun makirufo ta haifar da wani huci a kunne. Abin da yake tare irin waɗannan ƙararraki masu kaifi shi ne 'yar robar da ke shiga kunne, kuma a ganina ita ce rabin aikin duka. Girma uku ne suke zuwa a kwali. Na yi mako biyu da matsakaiciyar da aka saka masa daga kamfani, ina ganin kashe hayaniyar ba ta kai yadda ake yabonta ba, sai da na yi gwajin zama a kunne da ke cikin manhajar Galaxy Wearable ya nuna mini cewa na dama bai toshe sosai ba. Na sa babbar roba a dama na bar matsakaiciya a hagu, nan take sautin ya cika, rurin waje ya ƙara nisa. Kunnuwan mutum ɗaya ma ba lallai su zama girma ɗaya ba, kuma duk wanda zai yanke hukunci a kan iyafis kafin ya gwada robobin uku ya yi gaggawa.

Batir shi ne inda ya fi rauni idan aka kwatanta shi da abokan takararsa. Kamfanin ya ce sa'a 5 idan ana kashe hayaniya, sa'a 8 idan an kashe wannan aikin, jimilla kimanin sa'a 18 tare da cajin da ke cikin akwati, kuma abin da na gani bai yi nisa da haka ba. Sony da na ambata yana ba da sa'a 8 tare da kashe hayaniya. Ga mai zuwa aiki ya dawo, sa'a 5 ta wadatar, amma wanda zai kama hanyar Kano ko Maiduguri a mota sai ya mayar da shi akwati a tsakiyar tafiya. Akwatin yana caji da USB-C, irin cajar yawancin wayoyin yanzu, kuma wannan sauƙi ne a gidan da wuta ba ta da tabbas.

Sautinsa yana da tsabta, muryar mai karatu tana fita sarai ba tare da kauri ya danne ta ba, kuma wannan ya fi mini muhimmanci fiye da bugun ganga. Nauyin kowanne gram 5.5 ne, ba ya gajiyar da kunne. A kiran waya, uwargida ta ce tana jina sosai idan ina ofis ko cikin mota a rufe, a bakin titi kuwa takan ce, “Maigida, ka matsa daga hanya, ina jin motoci.” Ana sarrafa shi da taɓawa, kuma duk na'ura mai irin wannan tsari takan ɗauki ɗigon ruwa ko gefen hula a matsayin yatsa, don haka a ranar ruwa nakan rufe taɓawar daga cikin manhaja. Mai iPhone kuma ya sani cewa zai haɗu da wayarsa ya yi sauti, amma manhajar da ake saita shi da ita ba ta aiki a can, wato zai rasa gwajin roba da sauran gyare-gyare, kuma gara ya nemi wanda aka yi domin wayarsa. Mai Tecno ko Infinix zai iya sauke manhajar, sai dai wasu abubuwa, kamar sauti mai daraja ta sama da sauyawa da kansa tsakanin na'urori, an keɓe su ga wayoyin Samsung.

Akwai fa'ida ɗaya da ban saye shi dominta ba amma yanzu ita na fi daraja. A da, idan mota tana ruri sai na ƙure murya domin na ji abin da ake faɗa, na sauka kunnena yana amo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa babba kada ya wuce sa'a 40 a mako yana sauraro a ƙarfin desibel 80, kuma lokacin yana raguwa da sauri idan ƙarfin ya ƙaru, ta kuma yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda yadda suke sauraro. Da hayaniyar waje ta ragu, sai na ga ina sauraro a ƙasa da rabin murya kuma ina fahimtar komai. Jin da ya lalace ta wannan hanyar ba ya dawowa, kuma ina ganin 'ya'yanmu da ƙannenmu da iyafis a kunne tun safe har dare.

Duk da haka ba ko'ina nake kunna shi ba. Idan zan tsallaka titi, ko ina tafiya a inda babura suke fitowa ta bayan mutum, nakan mayar da shi yanayin da yake shigo da sautin waje, wanda a wannan samfurin yana fita kusan kamar babu komai a kunne, kuma shi nake bari idan lokacin salla ya gabato domin kada kira ya wuce ni. Idan kuwa na shiga motar haya da ban san direbanta ba, musamman da dare, cire shi nake yi gaba ɗaya na sa a aljihu, domin duk mazaunin Abuja ya san labarin 'yan wan-cans, ɓarayin da ke fakewa da motar haya suna yi wa fasinja fashi, kuma a irin wannan wuri mutum yana bukatar kunnensa da hankalinsa duka.

Game da saye kuwa, jabu ya yi yawa a wannan fanni, musamman na manyan sunaye, kuma kwalinsu yakan yi kyau har ya ruɗi wanda ya saba. Abin da na yi shi ne na sa aka buɗe a gabana, na haɗa shi da wayata, na tabbatar manhajar kamfanin ta gane shi ta nuna cajin kowane kunne da na akwati, na kuma duba cewa lambar shaidar na'urar da ke jikin kwali ta dace da wadda manhajar ta nuna. Daga nan na fita bakin shagon inda janaretocin filaza suke aiki, na kunna kashe hayaniya na kashe har sau uku, domin bambancin a irin wannan wuri ba ya ɓoyuwa, kuma na jabu ba ya iya kwaikwayonsa. Na karɓi rasit mai ɗauke da kwanan wata da sharaɗin canji. Na hannu kuwa ban ba da shawararsa ba ko da ya yi araha, saboda batirin waɗannan ƙananan na'urori yana raguwa da shekaru kuma canza shi yana da wuya, sannan babu yadda za a gane da ido ko robobin da ke tare ruwa suna nan da ƙarfinsu.

Ƙanina da ke karatu a Gwagwalada ya nemi na saya masa irin nawa, na tambaye shi inda zai fi amfani da shi, ya ce ɗakin kwanan ɗalibai da ɗakin karatu da filin ƙwallo. Wayarsa Infinix ce, kuɗin da ke hannunmu kuma bai kai rabin na Samsung ba, saboda haka Oraimo mai IPX5 da ANC muka ɗauka, muka zauna a shagon ya gwada robobin ɗaya bayan ɗaya har ya sami wadda ta toshe, na kuma ba shi ɗaya daga cikin ƙyallayen da nake gogewa da su.